Imel ɗin da aka turo miki, wa ya fara aiko shi?

Makon jiya ina dawowa daga aikin dare, wata maƙwabciyata a Takur ta tare ni da waya a hannu. "Anti nas, duba min wannan." Ɗanta ne ya turo mata imel daga Kano, wai ƙanwarsa ta samu gurbin jami'a, a biya kuɗi kafin Juma'a. Shi ma abokinsa ne ya tura masa. Har ta fara lissafin karɓar adashi.

Uwargida, kowane imel yana da kai, kamar ambulan mai hatimi: adireshin mai aikowa, lokaci, da tashoshin da ya ratsa. Da zarar wani ya danna Forward, an yar da wannan ambulan, an zuba wasiƙar a sabuwa mai sunan wanda ya tura. Sunan makarantar da kike gani a cikin saƙon rubutu ne kawai, ko yaro zai iya goge shi ya sa wani. Mu a asibiti, jinin da aka juye a kwalbar da ba suna, sai dai a sake ɗiba.

Don haka ki nemi wanda saƙon ya fara shiga wayarsa. A Gmail, ya taɓa 'yar kibiyar da ke ƙarƙashin sunan mai aikowa, cikakken adireshi zai fito. Ki duba abin da ya biyo bayan alamar @. Na Jami'ar Tarayya ta Dutse fud.edu.ng ne, na JAMB kuma jamb.gov.ng. In kika ga gmail.com, ko harafi ɗaya ya ƙaru, ki riƙe kuɗinki.

Abin haushin kuma, saƙon gaskiya ma yakan ɓata. In yaro ya saita imel ɗin makaranta ya riƙa wucewa Gmail da kansa, Gmail zai ga sunan makaranta amma daga wata tasha, wani lokaci sai ya jefa shi Spam. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka ƙara tsaurara wannan binciken. Ki sa su riƙa leƙa can lokacin jiran sakamako.

Maƙwabciyata dai, mun kira abokin ya taɓa kibiyar: gmail.com ne. Muka buɗe shafin CAPS na JAMB, ba a ba yarinyar komai ba tukuna.