Zauren Matasa: Shoprite ta tashi, sunan ya zauna

Duk ɗalibin Anka, Gummi ko Bukkuyum da ya je hutu Kano, abin da muke fara tambayarsa shi ne: “Ka shiga Shoprite?” Alhali sunan wurin Ado Bayero Mall, a Titin Gidan Zoo, kuma a 2014 aka buɗe shi. Shoprite haya take yi a ciki, ta kuma tattara kayanta a Janairun 2024 saboda kasuwa ta ƙi.

Ba mu yi mamaki sosai ba. Da sallah wurin kan cika maƙil, amma yawancinmu sanyin esi da ɗaukar hoto da sinima ke kai mu. Maigidan da ke neman shinkafar wata kuwa Kasuwar Singa yake nufa, inda zai taya, wani lokacin har a ba shi bashi. Kantin da ya manna farashi bai san “Alhaji, a rage mana” ba. Waɗanda suka fi ji a jikinsu su ne ma’aikatan da albashinsu ya yanke.

’Yan ajin kasuwanci, ga aikin hutu: ku zauna kusa da babban shagon garinku na awa ɗaya, ku ƙirga masu shiga da masu fitowa riƙe da leda. Ku aiko mana da lissafin.