Mai Ciki Mai Asma: Riƙe Maganinki, Rage Hayaƙin Ɗakinki

Yau magana ce a kan ciwon asma, wanda wasu ke kira fuka. A bambance shi da tarin fuka tukuna: asma ba a ɗaukarta a wurin wani, kuma ba ta hana mace haihuwa lafiya.

A wajen awo, matan da ake turo mana daga Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukansu kusan labarinsu ɗaya ne. Da zarar ciki ya bayyana, sai a ajiye maganin shaƙa, wai kada ya taɓa yaro. Daga nan a shiga yanke abinci: ban da ƙwai, ban da nono, ban da kifi. Murhu kuwa yana nan a bakin ƙofa, turaren wuta na tashi safe da yamma. A ganina an juya abin ne. Maganin da aka ajiye shi ya kamata a riƙe, hayaƙin da aka ƙyale shi ya kamata a kora.

'Yar'uwa, ɗan da ke cikinki ba shi da wata iska sai wadda kika shaƙa. Duk daren da kika kwana a zaune ƙirjinki na kuka, shi ma a ƙuntace ya kwana. Asmar da ba a kula da ita ba tana ƙara haɗarin haihuwar bakwaini, da jariri maras nauyi, da hawan jinin masu ciki. Maganin shaƙa kuwa huhu yake nufa kai tsaye, ɗan abin da ke shiga jini kaɗan ne, kuma an daɗe ana ba masu ciki da masu shayarwa shi a duniya. A cikin masu asma da suka sami ciki, kusan kashi ɗaya cikin uku ciwon kan tsananta, kashi ɗaya ya yi sauƙi, sauran ya tsaya yadda yake. Ya fi tashi daga wata na shida zuwa na takwas, daidai lokacin da ake cewa ai nauyin ciki ne.

Maganin shaƙa iri biyu ne. Akwai na buɗe ƙirji nan take, wato salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, galibi mai shuɗin mazubi. Akwai kuma na rigakafi, irin su beclometasone da budesonide, da ke kwantar da kumburin hanyoyin iska. Shi ana shaƙarsa yadda likita ya tsara ko da kina jin garau, a kurkure baki bayan an gama. Tun shekarar 2019 masana ciwon asma na duniya suka daina ba da shawarar babban mutum ya dogara da shuɗin shi kaɗai. Idan kina buƙatarsa fiye da sau biyu a mako, ko tari na tashinki da dare, ki gaya mana a awo na gaba, kada ki jira a tambaye ki.

Masu cewa wanda ya fara shaƙa ba ya dainawa, ai ciwon ne bai tafi ba, maganin ba ya kama mutum. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a guje shi a koma kemis ana sayen ƙwayoyin dexamethasone ko prednisolone ana sha wata da watanni babu likita. Waɗannan suna da ranarsu idan ciwo ya tashi da ƙarfi, amma na kwanaki ne ƙididdigaggu.

Da yawa kuma maganin a harshe yake ƙarewa saboda rashin iya shaƙa. Ki zo da naki mu ga yadda kike yi. Akwai 'yar roba da ake haɗawa da shi don ya isa huhu. In ba a samu ba, gorar ruwa ta roba mai rabin lita tana yi: a huda gindinta daidai bakin maganin, a fesa sau ɗaya a ciki, ki ja numfashi huɗu ko biyar ta bakin gorar. Likitoci a Afirka ta Kudu sun gwada wannan dabara a kan yara a 1999, ta yi aiki kamar ta kanti.

Sai abinci. Gaskiya ne akwai wadda jikinta ba ya karɓar gyaɗa, ko riɗi, ko ƙwai, ko madara, ko kifi, ko waken suya. Amma wannan yana da alama: cikin mintoci zuwa awa biyu da ci sai borin jini ya feso, leɓe ko ido ya kumbura, maƙogwaro ya shaƙe, ko a yi ta amai. In haka na faruwa da ke, to ki kiyaye sosai, domin mai asma ta fi shiga haɗari. Gyaɗa ce ta fi wuyar kaucewa a ƙasarmu, don ɓuya take yi: tana cikin yajin tsire, da kilishi, da kwaɗon zogale da rama, da miyar taushe, ban da kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli. A gidan biki ko suna ki tambaya, babu kunya a ciki. Idan kuwa kin ci bisa kuskure har fuska ta kumbura numfashi ya sarƙe, maganin shaƙa ko Piriton ba za su wadatar ba. Allurar adrenaline ake yi, a asibiti mafi kusa, ba tare da jiran gari ya waye ba.

In ba ki taɓa ganin waɗannan alamu ba, ki ci abincinki. Kifin dam ɗin Zobe da ƙwan kajin gidanki da dafaffen nono su ne masu gina ɗanki. Barin gyaɗa ko ƙwai lokacin ciki ba ya kare jariri daga asma. Mace ga ƙarancin jini, ga asma, an kuma hana ta abinci saboda camfi, ina za ta sami ƙarfin naƙuda?

Maigida, nan aikinka ne. A fitar da murhu fili, a sami busasshen itace, kuma wata ta karɓi girki in hayaƙi ya yi yawa. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da hunturu haɗari ne ga kowa. Igiyar leƙo da fiya-fiya a bar su, a ɗaura gidan sauro, wanda dama shi ake so mai ciki ta kwana a ciki. Sigari a waje, nesa da taga. Kafin shara a yayyafa ruwa, a shanya katifa da bargo a rana, a yaƙi kyankyasai da tsabta, kaji da tattabaru su bar ɗakin kwana. Da kaka, sussuka da shiƙar gero da dawa a ɗauke mata. Ranar da ƙurar hunturu ta sauko ta rufe hanci da baki in za ta fita. Turaren wuta kam na san ba a raba mace da shi cikin sauƙi. A turara kayan a wani ɗaki, hayaƙin ya fita kafin ki shiga.

Duk inda za a ba ki magani, ki fara da cewa kina da asma, ko a babban asibitin Dutsin-Ma ne, ko na Kurfi, ko ƙaramin asibitin ƙauyenku. Aspirin da ibuprofen da diclofenac suna tayar wa wasu da ciwon. In an rubuta miki ƙaramin aspirin saboda hawan jini alhali ya taɓa shaƙe ki, ki faɗa. Labetalol, da ake ba masu ciki don hawan jini, bai dace da mai asma ba, akwai madadinsa. Haka cikin magungunan tsayar da zubar jini bayan haihuwa akwai carboprost, wanda ke matse ƙirji. Ungozoma ba za ta sani ba sai an rubuta a katinki, shi ya sa nake roƙon mai asma ta haihu a asibiti, maganin shaƙarta na cikin kayan haihuwa.

Idan ciwo ya tashi, ki zauna a miƙe, ki fesa shuɗin ɗaya bayan ɗaya, ana ɗan dakatawa tsakani, har zuwa goma. In ba ki iya ƙarasa magana, ko leɓe ya canza launi, ko motsin yaro ya ragu, a kama hanya ana ci gaba da fesawa. Ba kowane dare ake samun mota daga ƙauye ba, don haka tun ciki na wata shida maigida ya san wanda zai buga wa waya, a kuma ajiye maganin shaƙa na biyu wanda ba a taɓa ba.

Allah Ya raba ku lafiya.