Motar alfarma ta hannu: kuɗin saye daban, kuɗin riƙo daban

A filayen sayar da motoci na Yamai, da na Maraɗi da Damagaram, akwai abin da ke ruɗa duk wanda ya zo sayen mota karon farko. Zai tarar da ƴar ƙaramar Toyota Corolla mai kujerun yadi an tsaya mata kan farashi ba ragi, a gefenta kuma ga doguwar Mercedes baƙa wul, kujerun fata, gilashi mai duhu, amma kuɗin da ake nema a kanta bai wuce na Corolla ba, wani lokaci ma bai kai ba. Malamin makaranta da ya shekara goma yana tari, ko ɗan kasuwar da albasa ta yi wa kyau bana, sai ya ɗauka tsintuwa ya yi. Alhali masu sayar da mota ba su san sadaka cikin ciniki ba. Kasuwa ce ta riga ta cire kuɗin gyaran da ke tafe daga farashin, kuma wanda ya sayi motar shi zai cika gurbin daga aljihunsa, wata bayan wata.

Mercedes S 500 ƙirar 2003, ranar da ta fito daga kamfani a Jamus, kuɗinta ya haura miliyon 40 na sefa. Shekara 20 ta karya darajarta, amma ba ta rage mata ci ba. Inji mai silinda 8 yana shan isansi yau kamar yadda ya sha a hannun attajirin farko, tayoyinta masu faɗi ba su yi araha ba don ta tsufa, kuma kowane ƙarfe da ya lalace a jikinta da farashin motar attajirai ake sayo shi. Mutanen da sun san wannan lissafi a kan doki: ba ranar saye ake gane mai doki ba, sai rani ya yi nisa, harawa ta yi tsada.

Yawancin waɗannan motoci daga Turai da Amurka suke fitowa. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a rahotonta na 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyon 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. Shekaru da dama hanyar a sane take: daga unguwar Heyvaert ta birnin Burusal zuwa tashar jiragen ruwa ta Anbers, daga can zuwa Kwatano, sannan a haura arewa a tsallako gadar Malanbil zuwa Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe wannan gada, kuma ko da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabarairu 2024 hukumomin Yamai ba su buɗe ta ba a lokacin, sai kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada. Abin da ya shafi mai saye a nan shi ne, kafin mota ta iso gabansa ta ratsa hannuwa da yawa, kuma kowane hannu yana da dalilin gyara mata fuska.

Sunan Marsandi a ƙasar nan tsofaffin ƙira ne suka gina shi: W123 da aka fara ƙerawa a 1976, da 190 ta 1982, da W124 ta tsakiyar shekarun 1980. Motoci ne na ƙarfe da waya, waɗanda makanikin Ƙwanni ko na Tasawa zai kwance a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ya ɗaura kafin la'asar. Sabon shiga yana jin labarinsu a bakin iyaye, sai ya ɗauka tauraron da ke bisa hanci shi ne shaidar ƙarko. To amma daga ƙarshen shekarun 1990 abin ya canza. S-Class ƙirar W220, wadda aka yi daga 1998 zuwa 2005, ba a kan ƙarfe mai lanƙwasa take zaune ba. A kan jakunkunan roba cike da iska take, da famfon da ke hura su. Cikin sanyin Jamus da santsin hanyoyinta abin daɗi ne ƙwarai. A nan kuwa, zafin watan Afrilu da ke kaiwa maki 45 yana busar da roba, ƙurar hunturu tana shiga famfo, ramukan hanya suna ƙarasa sauran. Ranar da jaka ɗaya ta fashe, motar za ta durƙusa kamar raƙumi, ba ta ko iya hawa tudun rage gudun da ke tsakiyar gudron. E-Class ƙirar W211 ta farko, daga 2002, ta zo da birkin da kwamfuta ke sarrafawa, mai suna SBC. Kamfanin da kansa ya kira motoci masu ɗimbin yawa domin gyara a 2004 da 2005, kana ya daina sa shi a wannan mota a 2006. Wanda bai san haka ba zai iya sayen ta 2004 yana murna ya samu ragi a kan ta 2007.

Saboda haka mai hankali makaniki yake nema kafin ya nemi mota. Tambayoyin kaɗan ne, kuma a garin da motar za ta kwana ake yin su: wa ya iya gyaran wannan ƙira, yana da kwamfutar binciken da ake jona mata, kuma in wani abu ya mutu, daga ina zai zo, cikin kwana nawa? Mutumin Maraɗi yana da Kano kusa, kasuwar Ƙofar Ruwa ba ta rasa kayan Toyota da Honda. Wannan ne ya sa masu son alfarma da kwanciyar rai suke karkata ga Lexus ES 350, domin injinta iri ɗaya ne da na Toyota Camry mai silinda 6 da na Avalon. Kayan lantarkin BMW ko na Audi kuwa sau da yawa sai an yi odar su daga waje, motar tana gareji kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Kuma makanikin da za a je da shi ya zama na mai saye ne, shi ya biya shi ladansa. Wanda dillali ya kawo, da la'adar dillali yake ci.

Dubawar kanta ba ta son gaggawa. Da sassafe ake zuwa, kafin kowa ya tada inji, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye ƙara ko hayaƙi. Motar da aka tarar da ɗumi an riga an yi mata shiri. Mai jakunkunan iska a dube ta yadda ta kwana: in wani gefe ya sunkuya, akwai yoyo. Sa'ad da aka murɗa mabuɗi, dole fitilun gargaɗi na allon gaban direba su kama gaba ɗaya sannan su mutu bayan inji ya tashi; wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ta ne don kada ta tona asiri. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga wani abu fari-fari kamar kindirmo, ruwa yana haɗuwa da mai. Lambar kilomita ita ce mafi saurin ƙarya, amma sitiyari da fedar birki da gefen kujerar direba ba su iya ƙarya ba, kuma manyan motoci suna ajiye wannan lissafi a wuri fiye da ɗaya, inda kwamfutar bincike za ta iya gano saɓani. Ta Amurka da mil take ƙirga: mil 100.000 ya haura kilomita 160.000. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2316 na nufin mako na 23 na 2016, kuma tayar da ta kai wannan shekaru ba abin amincewa ba ce tsakanin Doso da Dogon Dutsi da tsakar rana, komai kyan zanenta.

Motocin Amurka suna da nasu ciwon. Da yawa daga gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, bayan haɗari ko ambaliya. Guguwar Harvey kaɗai, a 2017, ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston. Fenti yana rufe haɗari, amma ruwa yana barin wari a ƙarƙashin shimfiɗa, da tsatsa a ƙarafan da kujera ke gudu a kai, da tabo a ƙarshen bel in an ja shi har ya ƙare. A mota mai kwamfutoci barkatai, ruwan da ya shiga waya sai bayan watanni yake fara magana. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana taimakawa: in an bincika ta a intanet, sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo suna fitowa, da gabanta a rugurguje.

Gwajin tafiya kuma ba zagayen fili ba ne. Sai an hau gudron an taka ta, an saurari yadda giya mai canza kanta ke shiga, ko da santsi ko da fizga. An sauka jan hanya an ji abin da ke ƙara a ƙasa. An tsaya cikin rana da na'urar sanyi a kunne ana kallon allurar zafi. A tuna cewa irin wannan mota ba a tura ta ta tashi, ranar da batir ya mutu a ƙauye samarin gari ba su da abin da za su yi mata. Masu gazuwal na bayan 2009 suna da matatar hayaƙi da ke toshewa in yawon cikin gari kawai ake yi, kuma man kwalba na bakin hanya ba abincinsu ba ne. Akwai ma wani haraji da ba ya cikin takarda: daga ranar da Marsandi ta tsaya a ƙofar gida, dangi suna ƙara wa mai ita albashi a zukatansu, buƙatun suna da biki su biyo baya.

Sauran magana ta takardu ce. Lambar shasi da ke jikin mota dole ta zama ita ce a takardar duwan da takardar mallaka, harafi da harafi. A kudancin ƙasar nan wannan ya fi muhimmanci, domin motoci da yawa da takardar wucewa zuwa Najeriya suke shigowa, kuma tun da Najeriya ta hana shigar da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairu 2017, ba kowace ce ke ƙarasa tafiyarta ba. Wanda ya sayi irin wannan, kuɗin duwan yana jiransa, wataƙila da tara a kai. Harajin shekara yana bin ƙarfin inji, inshora ma haka. A nemi mabuɗi biyu, domin na waɗannan motoci ba a yanka shi a kasuwa. A rubuta takardar ciniki da sunan mai motar na ainihi, a gaban shaidu, kuma kada duka kuɗin da aka tara su tafi wurin saye: juyen baƙin mai, da man giya, da batir, da taya huɗu, duk cikin watan farko suke zuwa.