Tsagawa da haɗewa: ina makomar uraniyom ɗin Arlit?

Hanyoyi biyu ake bi wajen fitar da ƙarfin da ke cikin ƙwayar zarra. Ta farko tsagawa: ƙwayar uraniyom mai nauyi ta rabe biyu, zafi ya fito ya tafasa ruwa, tururi ya juya injin lantarki. Don ita ake haƙar Arlit tun 1971. Ta biyu haɗewa: ƙwayoyin haidurojin marasa nauyi su dunƙule su zama ɗaya, kamar yadda ake yi cikin rana. Wannan ba ruwanta da uraniyom.

A Disamban 2022, a Livermore ta Amurka, haɗewa ta ba da ƙarfi fiye da wanda hasken leza ya zuba mata. A kudancin Faransa kuma ana gina babban injin gwaji na ITER. Har yau ba ta haskaka gida ko ɗaya ba, amma masu sayen uraniyom ɗinmu ba barci suke ba.

Mahaƙar Cominak ta rufe a 2021. Wajibi ne mahukunta su mayar da kuɗin da ya saura makarantu, asibitoci da wutar lantarki tun kasuwa tana ci. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.