In ganyen hatsi ya naɗe da azahar, kada ka ruga kasuwa

Ƴan'uwa manoma, kusan kowace damana akwai kwanakin da ruwa ke tsayawa. Wani lokaci kwana 10, wani lokaci ya fi. Da azahar sai ka ga ganyen hatsi ya naɗe kamar tabarma, hankalin mai gona ya tashi. Wani ya ruga kasuwa ya sayo takin ure ya watsa. Wani ya sayo kwalbar da ɗan tebur ya ce masa maganin ƙarfin ganye ce. Wani kuma ya ce gona ta riga ta lalace, ya fige ganyen ya kai wa bisashe. A ganinmu duk ukun sun yi kuskure. Ga dalili.

A jikin kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. A wuri mai faɗin ƙwayar hatsi ɗaya ana samun fiye da 100. Ta nan iska ke shiga, ganye ya haɗa ta da ruwa da hasken rana ya yi abincin shuka. Ta nan kuma ruwa ke fita. Cikin ruwan da saiwa ta sha, fiye da kashi 90 cikin 100 ta waɗannan ƙofofi yake tashi sama.

To, wa ke gaya wa ganye ya rufe ƙofa? Shuka tana da ƴan aike a cikin jikinta, masana suna ce musu ormon. Ɗaya daga cikinsu sunansa ABA, an gano shi a shekarun 1960. In ƙasa ta fara bushewa, saiwa ce ke fara sani. Labari ya hau ta cikin kara, ABA ya yawaita a ganye, ƙofofi su rufe don ruwa ya tsaya. Bayan haka ganyen hatsi da na dawa sukan naɗe, don rana ta sami wuri kaɗan na duka. Wake kuwa juya ganyensa yake ya ba rana gefe. Kun ga ke nan shuka tattalin ruwanta take yi, kamar yadda uwar gida ke tattalin hatsin rumbu a watannin bazara.

Amma rufe ƙofa yana da tasa wahala. Iska ta daina shiga, aikin abinci ya ragu, rana kuwa ba ta daina duka ba. Ƙarfin hasken da bai sami aiki ba sai ya haifi wani dafi a cikin ganye, mai cin sa kamar yadda tsatsa ke cin hauya. Ɗaya daga cikin irin wannan dafi kun san shi: shi ne ruwan nan mai kumfa da ake wanke miki da shi a gidan likita. Allah da ikonsa, ganye yana da masu tsaronsa. Akwai wanda ake kira katalaz, yana fasa wannan dafi ya mai da shi ruwa da iska. Akwai bitamin C, irin wanda ke cikin lemun tsami, ganye da kansa yake yin sa. Muddin masu tsaro sun fi dafi ƙarfi, ganye zai tsaya kore. In dafi ya rinjaye su, sai bakin ganye ya ƙone, ya yi ja, ya bushe.

Saboda haka kada ka yanke wa gonarka hukunci da azahar. Je ka da sassafe, bayan sallar asuba. In ganye ya buɗe, ya miƙe, yana kore, shukarka tana nan da ranta, tana jiran ruwa. In har da safe yana naɗe, to ƙishirwa ta yi tsanani.

Yanzu mu duba abin da manoman nan uku suka yi. Ure in an watsa shi a busasshiyar ƙasa, ba ya isa ga saiwa. Raɓa ko ɗan yayyafi ya narkar da shi a sama, wani kashi ya bi iska, kuɗinka ya tafi. Wanda ya taru kusa da gindi kuma yakan ƙona saiwa. A jira a yi ruwa mai kyau, ƙasa ta jiƙe, sa'an nan a sa shi a rufe da ƙasa.

Mai figar ganye kuwa, rumbunsa yake figa. Ganyen sama, na kusa da zangarniya, su ne ke cika ƙwaya. In ruwa ya dawo ya tarar babu su, da me shuka za ta yi abinci?

Saura mai kwalba. Wani zai ce: ai masana da kansu suna fesa wa ganye irin waɗannan abubuwa. Gaskiya ne, ana gwada su a gonakin bincike, da awo, da lokaci, ana kuma auna abin da aka girbe. Amma ormon abu ne da ɗan ƙanƙani ke aiki, in ya yi yawa ya ɓata. Maganin kashe ciyawa da ake kira 2,4-D ma kwaikwayon ormon ɗin shuka ne, yawansa ne ke sa ciyawa ta murɗe ta mutu. Kwalbar da ba ta da suna, ba ta da lambar yardar hukuma, ba ka san abin da ke cikinta ba. Kafin ka fid da jika ko ɗaya, kai ta wurin malamin gona ya duba. Kuma ka tuna, babu kwalbar da ke maye gurbin ruwan sama.

To me ya kamata a yi? Taimakon ganye daga ƙasa yake farawa, kuma tun kafin ruwa ya tsaya. Rigakafi ya fi magani.

Na farko, a kai takin gida gona tun da rani. Ƙasa mai taki ta fi riƙe laima, saiwa kuma ta yi zurfi. A haɗa da tokar murhu, don akwai kanwar shuka a cikinta, wadda malaman gona ke ce wa fotas. Da ita ƙofofin ganye ke buɗewa da rufewa.

Na biyu, mai takin zamani kaɗan ya sa shi a gurbi lokacin shuka. Masu bincike na ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, sun nuna cewa giram 6 na 15-15-15 a kowane gurbi, wato cikin marfin kwalbar lemu, yana sa hatsi ya tashi da ƙarfi.

Na uku, a tare ruwa inda ya faɗi. Manoman Illela a jihar Tawa sun rayar da faƙo da yawa da tassa tun daga ƙarshen shekarun 1980. A bar kara a kwance a gona don ya yi wa ƙasa inuwa. A bar gawo da sauran itatuwa su tsiro, kamar yadda ake yi a ƙasar Maraɗi da Damagaram.

Na huɗu, a rage hatsi da wuri, a bar tsiro 3 a gurbi, a yi noma da maimai kan lokaci. Ciyawa da cunkoso su ne ɓarayin ruwa.

Na biyar, inda damana ke gajarta a nemi iri mai saurin nuna, irin su HKP na INRAN.

Waɗanda suka ga yunwar 1973 da ta 1984 sun san darajar dami ɗaya. Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ku karanta wa maƙwabtanku wannan takarda, ku tattauna a dandali. In ruwa ya tsaya bana, ku duba ganye da safe, ku riƙe ure har ƙasa ta jiƙe, ku bar wa shuka ganyenta. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.