Kogin Da Ba A Komowa

A jihar Idaho, can arewa maso yammacin Amurka, akwai wani kogi mai suna Salmon. Tsawonsa ya kai mil 425. Yana tasowa daga manyan duwatsu masu ƙanƙara, ya ratsa kwazazzabai masu zurfi, sa'an nan ya faɗa kogin Snake. A shekarar 1805 wani matafiyi, William Clark, ya duba shi, ya ga ƙarfin ruwansa, ya tabbata ba ya biyuwa, ya juya. Daga baya mutane suka riƙa gangarawa da jiragen katako, amma ba mai iya komowa da su. In sun isa, sai su wargaza jirgin su sayar da katakon. Shi ya sa ake ce masa Kogin Da Ba A Komowa.

Yanzu, in lokacin zafi ya yi, mutanen birni kan je can hutu. Waɗansu kan zo da wata irin mota mai kama da ɗaki, da gado da murhu da wurin wanka duk a cikinta. Waɗansu kan shiga wani ɗan kwalekwale mai cin mutum ɗaya, ana ce da shi kayak. Asalinsa na mutanen Inuit ne, mazauna ƙasashen ƙanƙara. Waɗansu kuma da ƙafa suke bin gaɓa, kowa da guzurinsa a baya.

To, a shekarar 1964 Amurka ta kafa doka ta keɓe waɗansu dazuzzuka, ta hana shiga cikinsu da mota. A 1980 aka sa dajin da ke tsakiyar wannan kogi cikinsu, watau fili fiye da eka miliyan 2. Mai mota in ya kai iyakar hanya, dole ya ajiye ta, ya taka da ƙafa, ko ya hau doki, ko ya bi ruwa.

Wannan doka ta yi daidai. Mota ba ta tafiya sai da hanya, hanya kuwa ba ta yiwuwa sai an sare itatuwa an fasa tudu. In ruwan sama ya sauko, sai ya kwashe ƙasar ya zuba a kogi, laka ta rufe tsakuwar da kifi ke yin ƙwai a ciki. Kifin nan kuwa, wanda kogin ya ci sunansa, daga teku yake tasowa, waɗansu su yi tafiyar mil wajen 900 domin su haihu inda aka haife su. Ashe bai kamata jin daɗin kwana bakwai ya ɓata masa gida ba.

Masu kwalekwale su ma ba a sake musu ba. A reshen kogin da ake kira Middle Fork, lokacin da jama'a suka fi yawa, sai an jefa ƙuri'a kafin mutum ya sami izinin shiga. Wanda ya samu, wajibi ne ya fito da shararsa duka, har tokar wutar da ya hura.

Waɗansu kan ce an zalunci tsofaffi da marasa ƙarfi, tun da ba su iya doguwar tafiya. Maganarsu abin dubawa ce. Amma ba a rufe kogin duka ba. Wajen mafarinsa akwai hanyar mota mai bin gaɓa mil da yawa, da masaukai inda mai mota zai kwana yana jin kukan ruwa. Kowa ya sami rabonsa ke nan, har kifi da barewa.

Ana iya gina hanya cikin shekara guda, amma itacen da aka sare dominta sai ya yi shekaru masu yawa kafin wani ya tsaya a madadinsa. Yaron da ya gane wannan, in ya je bakin rafin garinsu, ba zai bar ƙazanta a wurin ba.