Kiwon lafiya a Kurfai: mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa

Kowa ya sani cewa a ƙasar Kurfai cututtuka suna da lokutansu, kamar yadda shuka da girbi suke da nasu. Sanƙarau yakan zo da iskar bazara, masassarar cizon sauro takan biyo damina, tamowa kuwa takan kama yara sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. Tun da yake an san lokacin zuwan kowace, abin tambaya shi ne: wane ne ke zaunawa ya tsara yadda za a tarye su, kuma da wa yake zaunawa?

A takarda, amsar a fili take. Tun tsarin bunƙasa kiwon lafiya na 1994 zuwa 2000, Nijar ta ɗora aikin a kan gundumomin lafiya. A Filinge akwai asibitin gunduma, a ƙarƙashinsa akwai gidajen likita na CSI, sai ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka waɗanda aka yawaita ginawa daga 2001. Babban likitan gunduma da mataimakansa su ne ke rubuta tsarin aiki na kowace shekara, bisa ga rajistar marasa lafiya da ake cikawa a Shikal, da Bankuku, da Damana.

A wani gefen kuma akwai masu agaji waɗanda ba riba suke nema ba. Manyan asibitocinsu suna nesa da Kurfai: na Galmi, wanda mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950 cikin jihar Tawa, da na CURE mai yi wa yara tiyata a Yamai tun 2010. Abin da ke isowa Filinge shi ne ƙungiyoyi da motocinsu da magungunansu, musamman tun ƙarancin abinci na 2005, da kuma zuwan ƴan gudun hijirar Mali a Abala cikin 2012. Ba mai musun alherinsu. Amma kowace ƙungiya tana da mai ba ta kuɗi, da wa'adinta, da irin cutar da aka aiko ta ta yaƙa. Idan ba a zauna wuri guda ba, sai wani gari ya samu baƙi biyu masu aiki iri ɗaya, alhali kuwa maƙwabcinsa ba shi da ko firijin ajiye allurar rigakafi. Ranar da wa'adi ya cika, mota ta koma Yamai, aikin ya tsaya.

Wannan ya shafi aljihun kowa. Bayan shawarar Bamako ta 1987, dokar 1995 ta sa maras lafiya ya riƙa biyan wani abu, aka kafa kwamitocin jama'a masu kula da kuɗin. A 2005 aka ɗauke kuɗin fiɗar haihuwa, a 2006 aka ɗauke na yara ƴan ƙasa da shekara biyar, sai dai jinkirin da gwamnati ta riƙa yi wajen mayar wa gidajen likita kuɗinsu ya sha barin kantar magani wayam. Idan haka ta faru, ɗan kasuwa da ma'aikaci ake bugo wa waya daga ƙauye: a aiko kuɗin magani, a aiko kuɗin man motar da za ta kai mai naƙuda Yamai, tafiyar kusan kilomita 180.

Maganin abin ba ya bukatar sabon gini. Kafin ƙarshen shekara, bayan an kai amfanin gona gida, ya kamata likitan gunduma, da hukumomin gari, da sarakunan gargajiya, da kwamitocin jama'a, da kowace ƙungiya mai aiki a yankin su zauna zama ɗaya, a buɗe rajista ɗaya, a jera bukatu bisa ga nauyinsu. Kowane mai agaji ya faɗi abin da ya kawo, da garin da zai kai shi, da ranar da zai tafi, da wanda zai karɓi aikin bayansa. A kafa takardar a bangon kowane gidan likita, da Faransanci da Hausa da Zabarmanci da Buzanci, a kuma karanta ta a rediyon gari. Asibitocin nesa su ma su riƙa maido wa gunduma da labarin waɗanda aka aika musu, domin a ci gaba da duba su a gida.

Ƴan kasuwa da ma'aikata ƴan asalin Kurfai suna da nasu rabo. Wanda ya yi niyyar gina ɗaki ko ba da motar ɗaukar marasa lafiya, ya fara tambayar abin da tsarin gunduma ya rasa, kada ya gina ɗakin da ba ungozomar da za ta zauna cikinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwa da yawa ma sai sun ɗaga ta lokaci guda. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.